Akwatin Tambaya: Me ke cinye memorin sabarmu duk bayan 'yan kwanaki?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan watan, ɗaya daga Kumasi, biyu daga nan Akra. Masu su ba su san juna ba, amma ciwo ɗaya ke damun injinansu: memorin saba, wato babbar kwamfutar da wayoyi ke aika wa bayani, yana ta cika har ta tsaya. Na rage tsawonsu, na kuma cire sunayen kamfanoni kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfanin susu a nan Kumasi. Muna da masu karɓar kuɗi wajen ɗari uku, suna zagaya Kejetia da Asafo da Bantama da wayoyinsu. Duk 'yar kasuwar da ta zuba na yini, a take ake shigarwa a waya, wayar ta aika wa sabarmu. Da Java 8 aka rubuta manhajar sabar, kuma wanda ya rubuta ta ya bar aiki tun kafin in zo. In na kunna ta tana gudu lafiya lau, bayan kwana huɗu ko biyar ta fara nauyi, masu karɓa su yi ta kirana wai rasit ba ya fita, daga nan ta tsaya cak. A log ina ganin OutOfMemoryError, wani lokaci har da GC overhead limit exceeded. Na sa maigida ya biya aka mai da RAM daga giga 4 zuwa giga 8. Yanzu tana kai kwana tara ko goma, amma faɗuwar tana nan. Mutanenmu ba su ƙaru ba, wayoyin nan ɗari uku ne dai. Na lura ran Lahadi memorin ba ya hawa sosai, ranar da aka yi ruwa ko aka ɗauke wuta netwok ya yi ta yankewa kuwa sai ya yi tsalle. Na buɗe JConsole na ga wani dogon jeri a ƙarƙashin MBeans, sunaye masu lambar IP, ban san na mene ne ba. Maigida ya fara cewa ko kutse ake mana. Ina mafita?
Wani matashi daga Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara kwantar wa maigida da hankali, abin da ka kwatanta bai yi kama da kutse ba. Kuma ka riga ka yi rabin binciken da kanka. Ninka RAM da ya ninka kwanaki kawai, da lafawar ran Lahadi, da tsallen ranar da netwok ya lalace, duk wuri ɗaya suke nunawa. Ba yawan wayoyin da ke haɗe da sabar ne ke cika ta ba, yawan haɗuwa da yankewar da suke yi ne. Dogon jerin nan da ka gani a JConsole kuwa, ina kyautata zaton a nan gizo ke saƙar.

Tun fitowar Java 5 a 2004 aka saka mata wani tsari mai suna JMX, wanda ta hanyarsa manhaja ke ba da labarin lafiyarta ga mai kula da ita. Mai rubutu zai ƙirƙiro wani ɗan abu, shi ne MBean, ya ɗora masa aikin sa ido kan wani sashe, ya raɗa masa suna, ya shigar da shi wata rajista guda ɗaya da ke cikin manhajar, MBeanServer. JConsole, manhajar leƙa cikin Java, wannan rajistar yake karanto maka. Wanda ka gada ya so ya riƙa ganin kowace waya ita kaɗai: yaushe ta haɗu, saƙo nawa ta aiko, yaushe aka ji ɗuriyarta na ƙarshe. Niyyarsa mai kyau ce, ban ga laifinsa a nan ba. Sai ya sa duk lokacin da waya ta haɗu a yi mata nata ɗan sa-idon, a sa masa sunan adireshin da ta shigo da shi da lambar ƙofa, wato port, lambar da ke bambanta haɗi da haɗi. Su ne sunayen da ka gani.

To, Java tana da mai kwashe shara da ke zagayawa yana sakin memorin da aka gama da shi. Amma shi ba ya tambayar ko ana amfani da abu. Tambayarsa ɗaya ce, ko akwai wanda ke riƙe da shi. Rajistar nan tana raye muddin manhajar na raye, kuma ba ta sakin MBean sai an zo an kira unregisterMBean da sunansa.

Kai ɗan Kumasi ne, ka san labarin masu masauki na Zango da fataken goro ke sauka wurinsu. Ka ɗauka maigida yana ba kowane baƙo ɗaki yana rubuta sunansa a littafi, dokar gidan kuma ita ce mai shara ba ya buɗe ɗakin da sunan mai shi ke littafi. Baƙon da ya yi sallama, a soke sunansa a share ɗakin. Wanda ya fice da asuba bai yi sallama ba, ɗakinsa na nan a kulle, da tabarma da buta da komai. In ya dawo da la'asar sai a ɗauke shi sabon baƙo, a ba shi wani ɗakin. Baƙin ɗari uku ne ba su ƙaru ba, amma gidan sai ya cika, kuma gina sabbin ɗakuna kwanaki kawai zai ƙara.

Shi ɗan sa-idon ba shi da wani nauyi. Abin da ya riƙe ne mai nauyi. Don ya iya ba da labarin haɗin dole ya riƙe haɗin, haɗin kuma yana riƙe da ma'ajin da ake tara saƙo mai shigowa da mai fita, da bayanan mai wayar, da kayan ɓoye saƙo in kuna amfani da TLS. Duk wannan zai zauna saboda suna ɗaya da ba a soke ba.

Bari mu yi lissafi, lambobin ni na ƙaddara su, naka za su bambanta. Waya 300, kowace ta yanke ta dawo sau 40 a yini, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai ratsa rumfunan Kejetia daga safe zuwa yamma. Haɗi 12,000 ke nan. Mu ce ɗaya cikin huɗu ne ba a soke sunansa ba, 3,000. In kowanne ya riƙe kilobait 64, kana asarar kusan mega 190 kullum. Java kuwa, in ba a yanka mata iyaka da -Xmx ba, rubu'in RAM ɗin injin take ɗauka a matsayin rumbunta, wato inda take ajiye kayan aikinta. A giga 4, giga 1 ke nan. Cire mega 200 na ainihin aikin, saura 800, kwana huɗu da ɗoriya sun cinye shi. A giga 8 rumbun ya zama giga 2, sai ya kai ka kwana tara da rabi. Ka ga yadda ya faɗa kan kwanakin da ka ambata. Ka kuma duba yadda ake kunna manhajar, don mai yiwuwa cikin giga 8 ɗin da maigida ke biya, 2 kawai Java ke taɓawa.

Nauyin da take yi kafin ta tsaya ma daga nan yake. Idan rumbu ya kusa cika, mai shara zai yi ta zagaye babu hutu yana neman abin saki, bai samu ba. Saƙon GC overhead limit exceeded yana fitowa ne idan shara ta cinye fiye da kashi 98 cikin ɗari na lokacin injin, abin da aka samo kuma bai kai kashi 2 cikin ɗari na rumbun ba. Lokacin ne masu karɓa ke tsaye gaban mai tumatir suna jiran rasit.

Me ya sa ake fita ba sallama? Wannan shi ne wurin da na fi so matasanmu masu rubuta manhaja su tsaya su fahimta, domin ƙasarmu ce ta sa ya zama dole. A TCP, ƙa'idar da waya da saba ke bi su haɗu, wanda zai rufe haɗi yana aika alamar rufewa, ɗayan ya amsa. Amma wayar da batirinta ya mutu, ko ta shiga lungun da babu sabis, ko aka ɗauke wuta a unguwa eriya ta yi shiru, ba ta aika komai. Sabar da ke zaune tana jiran saƙo ba ta da yadda za ta gane an tafi, shiru kawai take ji, kuma wayar da ke nan lafiya ba ta da abin faɗa ita ma shiru take yi. Linux yana da hanyar ƙwanƙwasawa ya ji ko ana nan, amma yadda yake zuwa a saite, sai an yi daƙiƙa 7,200 ana shiru, wato awa biyu, sannan ya fara, ya ƙwanƙwasa sau 9 da tazarar daƙiƙa 75. Wannan ma sai in mai rubutu ya kunna SO_KEEPALIVE a kan haɗin, kuma a Java a kashe yake zuwa. Abin da ke damuna shi ne yawancin manhajojin nan a ofis ake gwada su, a kan wayifai mai kyau, inda kowane haɗi ke rufewa cikin ladabi. Babu wanda ke ɗaukar waya ya shiga pragya, babur mai ƙafa uku, ya bi ta Asawase da ita ya ga abin da zai faru.

Kafin ka taɓa kod, ka auna. Lambobi biyu nake so ka riƙa rubutawa safe da yamma: yawan haɗin da Linux ke gani a ƙofar manhajarka, wanda umarnin ss zai ba ka, da yawan MBean da ke rajista, wanda getMBeanCount ke bayarwa. Yadda suke tafiya da juna shi zai gaya maka irin ciwon. In haɗi yana nan wajen ɗari uku amma MBean na ta hawa, to ana rufe haɗin, soke suna ne ba a yi. In duka biyun suna hawa tare kuma ss na nuna su a ESTABLISHED, sabar ce ba ta san wayoyin sun tafi ba. In kuwa ka ga tari a CLOSE_WAIT, wayar ta yi sallamarta, kod ɗinku ne bai tashi ya rufe nasa ɓangaren ba. A waɗannan biyun na ƙarshe wata rana za ka ga Too many open files tun kafin memori ya ƙare, don kowane haɗi yana cin gurbi ɗaya cikin adadin fayilolin da aka yarda manhaja ta buɗe.

Kada lambar memorin da umarnin top na Linux ke nuna maka ta ruɗe ka. Java in ta karɓi memori daga hannun Linux ba ta saurin mayarwa, don haka lafiyayyar manhaja ma za ta iya nuna ta cika. Ka duba zanen rumbu a JConsole. Layin zai riƙa hawa yana faɗowa, wannan daidai ne. Inda yake sauka bayan babbar shara shi ne abin kallo. In yau ya sauka a 300, gobe a 490, jibi a 680, ka gama tabbatarwa.

Sai ka nemi mai laifin da sunansa. Ka ba jcmd, kayan binciken da ke zuwa tare da Java, lambar manhajar da umarnin GC.class_histogram. Zai zubo maka jeri mai layi-layi: guda nawa, bait nawa, sunan aji, wato nau'in abin. Na saman za su kasance wasu masu alamar [B da [C, tarin bait da haruffa ne, kowace manhajar Java haka take, ka wuce su. Ka gangara sannu a hankali har ka ga ajin da ke ɗauke da sunan kamfaninku, mai kalmar Connection ko Session ko Stats a jiki. In wayoyi ɗari uku ne amma ka ga guda dubu tara a gabansa, shi ne. Ka sake da yamma ka ga ko ya ƙaru. Wannan umarnin yana sa a yi babbar shara, sabar za ta ɗan tsaya, don haka ka yi shi kafin masu karɓa su fita ko bayan sun tashi.

In kana so ka ga igiyar da idonka, ka ɗauki hoton rumbun gaba ɗaya da jmap, ka buɗe shi a Eclipse Memory Analyzer, ka zaɓi ɗaya daga cikin matattun haɗin ka ce ya nuna maka wanda ke riƙe da shi. In zatona daidai ne, zai bi da kai har wani aji mai suna Repository a cikin com.sun.jmx.mbeanserver, cikin rajistar ke nan. Ka kuma ƙara -XX:+HeapDumpOnOutOfMemoryError a umarnin kunnawa, don in ta sake faɗuwa ta bar maka hoton. Amma ina roƙonka, kada ka turo mini wannan fayil ɗin ta WhatsApp, kada ka tura wa kowa. Duk abin da ke memori a lokacin yana ciki: sunayen matan da ke zubi, lambobin wayarsu, nawa kowace ta tara, wataƙila har kalmomin sirri. Amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Gana, Act 843 ta 2012, ta hau kanku. Ka bincika a injin kamfani, ka goge in ka gama.

Gyaran kansa ba shi da tsawo, kulawa yake so. Ka nemo inda aka kira registerMBean, sannan ka nemo inda aka kira unregisterMBean. Sau da yawa za ka tarar na biyun yana wuri ɗaya tak, inda ake rufewa cikin lumana. Sai ka zauna ka lissafo duk hanyoyin da haɗi ke mutuwa: kuskure wajen karatu, kuskure wajen rubutu, cikar wa'adi, kalmar sirri da ba daidai ba, waya ɗaya da ta sake shigowa alhali tsohon haɗinta na nan. Duk ka karkato su su bi ta aiki guda ɗaya na rufewa, soke sunan kuma ya zauna cikin finally, yadda ko an yi tuntuɓe a sama sai an iso gare shi. Ka rubuta shi yadda in an kira shi sau biyu ba zai fashe ba, don kira na biyu zai jefo InstanceNotFoundException.

Akwai tarko biyu da ke kama har waɗanda suka daɗe a aikin. Na farko, mutum ya tashi soke suna sai ya sake haɗa sunan daga adireshin wayar, alhali bayan an rufe haɗi ba kullum ake iya samun adireshin ba. Sunan ya fito daban, sokewar ta faɗi, wani ya riga ya rubuta kod da ke haɗiye kuskuren shiru. Ka adana ObjectName ɗin tun lokacin rajista, shi za ka miƙa ranar sokewa. Na biyu ya fi wuyar gani. Waya ta haɗu ta yanke cikin ƙiftawar ido, aikin rufewa ya riga aikin rajista gudu. An zo sokewa babu suna, daga baya aka rubuta sunan, kuma babu mai sake zuwa. Maganinsa, bayan rajista ka sake duba ko haɗin na raye, in ya mutu ka soke nan take.

Wani zai ce maka ka sa sokewar a finalize, aikin da Java ke kira kafin mai shara ya kwashe abu. Kada ka saurare shi. Ba a kiran finalize sai an saki abu, wannan kuwa ba za a taɓa sakinsa ba, ita ce matsalar tun farko.

Ga waɗanda suka tafi ba sallama, kada ka jira awa biyun Linux. Ka sa wayar ta riƙa aiko ɗan saƙon "ina nan" duk bayan ɗan lokaci, sabar kuma ta rufe duk wanda ya wuce wa'adi bai aiko ba. Masu tsarin MQTT, wata ƙa'idar aika saƙo tsakanin na'urori, haka suka yi, in an yi shiru na tsawon wa'adin da rabinsa, saba ta yanke. Sannan ka gwada da mugunta. Ka rubuta ɗan kod da zai buɗe haɗi dubu goma ya watsar da su ba rufewa, ka ɗauki waya ta gaske ka yi ta sa ta a yanayin jirgin sama ana tsakiyar aika saƙo. Bayan wa'adi ya cika, yawan MBean ya koma inda ya faro. In ya rage ko guda goma a sama, da sauran hanyar da ba ka toshe ba.

Ra'ayina kuma, in ka gama wannan, ka tambayi kanka ko kuna bukatar ɗan sa-ido ga kowace waya. Wa ke buɗe JConsole ya karanta ɗari uku ɗaya bayan ɗaya? Abin da mai kula da saba ke so ya sani shi ne nawa ke haɗe yanzu, nawa suka shigo, nawa suka fita lafiya, nawa aka yanke don shiru. MBean ɗaya ya ishi wannan, kuma ba ya girma. Labarin waya guda a rubuta shi a log, a nemo ranar da aka bukata.

Tambaya: Malam, ni ba masanin kwamfuta ba ne, kamfanin tikitin mota gare ni. Sabarmu ta riƙa cika tana tsayawa, sai yaron da ke kula da ita ya saita ta tana kashe kanta tana kunnawa kullum ƙarfe uku na dare, tun daga nan lafiya. Yanzu ya ce in ba shi mako biyu da kuɗin aiki ya gyara abin daga tushe. Wani kuma ya ce a kashe sa-idon gaba ɗaya a huta. Tunda abu na tafiya, ina dalilin kashe kuɗi?
Wani Alhaji daga Sabon Zango, Akra

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, yaronka ya yi dabara mai kyau, kuma ya yi gaskiya da ya ce maka ba ta isa ba. Ni ma in aka kira ni cikin dare abin da zan fara yi ke nan, don aiki ya ci gaba kafin a gano ciwon. Inda take da rauni shi ne ita da agogo take aiki, ciwon kuwa ba ruwansa da agogo, yawan yankewar layi yake bi. Ranar da netwok ke lafiya sabar za ta kai ƙarfe ukun dare da sauran wuri. Ranar da ya rikice fa? Ka tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, aka yi kwanaki a Gana layi na zuwa yana ɗaukewa. A irin wannan ranar kowace na'ura za ta yi ta yankewa tana dawowa, abin da ke taruwa a mako ya taru kafin azahar, sabar ta tsaya fasinja na kan layi. Haka in Allah ya buɗa kasuwa ka ƙara tashoshi, ko jajibirin Sallah da kowa ke neman motar Tamale da Bawku. Ita kanta kashewar tana yanke duk wanda ke tsakiyar biya a lokacin, kuma motocin arewa da dare suke tafiya.

Shawarar kashe sa-ido gaba ɗaya kuwa, in a nan ɗigon yake za ta tsayar da shi, amma daga ranar ba mai sanin halin da sabar ke ciki sai fasinja ya kira. Akwai tsaka-tsaki. Ko manyan manhajoji sun yi wannan tanadin: ActiveMQ, wata manhajar isar da saƙo, wadda ke yi wa kowane haɗi da kowane mai karɓar saƙo MBean, tun fitowarta ta 5.12 ta ba da damar a hana rajistar waɗannan da suppressMBean a bar sauran. Ka ba yaron mako biyun. Sharaɗin da za ka gindaya masa, wanda ba sai ka iya kwamfuta ba: in ya gama, ya cire kashewar dare, sabar ta yi mako biyu a kunne, ya nuna maka zanen memori ka ga layin a kwance yake ba hawa yake ba.

Tambaya: Salam Malam. Ni da Go nake rubutu, babu JMX a wurina, Prometheus nake amfani da shi. Duk da haka memorin manhajata na hawa, na Prometheus ɗin ma na hawa har ana kashe shi da lamba 137. Ina ƙirga saƙonni ne da lakabin adireshin kowane mai haɗuwa.
Wata ɗaliba daga Maamobi, Akra

Amsa: Ƙanwata, jimlarki ta ƙarshe ita ce amsar. A Prometheus, manhajar da ke kwaso ƙididdigar lafiyar sauran manhajoji, duk lakabin da ya zo da sabuwar ƙima sabon layin ƙidaya ne mai zaman kansa, kuma kod ɗin Prometheus da ke cikin manhajarki zai riƙe shi har ki goge shi da hannunki ko a kashe manhajar. In adireshin da kike sawa ya haɗa da lambar ƙofa, to kowace dawowa sabuwar lamba ce, Linux kaɗai yana zaɓa ne tsakanin 32768 da 60999. Ko ba ƙofa, adireshin wayar hannu canzawa yake yi. Ke kuma sau biyu kike biya: manhajarki na riƙe da layukan, Prometheus na zuwa ya kwashe su duka a kowane zagaye, ya ajiye na sa'o'in baya-bayan nan a nasa memorin. Lamba 137 ɗin nan 128 ce da 9, alamar an kashe shi da ƙarfi, kuma in kin duba dmesg za ki ga ko Linux ne ya yi hakan don memori ya ƙare.

Za ki iya kiran DeleteLabelValues duk lokacin da haɗi ya rufe, amma sai ki faɗa cikin duk tarkunan da na lissafa wa ɗan'uwanmu na Aboabo, kuma ba zai sauƙaƙa wa Prometheus sosai ba, tunda sabbin layuka na ci gaba da haihuwa. Ki cire lakabin kawai. Masu Prometheus da kansu sun gargaɗi mutane kada su sa abin da ba shi da iyaka a lakabi, kamar lambar mai amfani ko adireshin imel. Ki bar waɗanda za ki iya lissafa ƙimominsu tun kafin ki kunna: irin saƙo, ya yi nasara ko bai yi ba, wane reshe. Ki riƙa kallon prometheus_tsdb_head_series, shi ke gaya miki layuka nawa ke memori yanzu, ki kuma sa sample_limit a saitin kwasowa, don in wata rana wani ya sake saka irin wannan lakabin, kwasowar manhajarsa ce za ta faɗi, Prometheus ɗin ya tsira. In malaminku na son sanin adireshin da ya fi aiko saƙo, ki fitar masa daga log.